Ranar da Soso Ya Riƙe Malam Tsari

A kamfanin katifa na Hajiya akwai wani mutum da ake kira Malam Tsari. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "komai sai da tsari" ba. Da can a sito yake, yana jera katifu yana kakkaɓe musu ƙura. Da ya auri 'yar wan Hajiya, sai aka ga bai dace surukin gida ya riƙa yawo da tsumma a kafaɗa ba. Aka share masa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, aka sa tebur da fanka, aka liƙa takarda a ƙofa: Sashen Horar da Ma'aikata. Shekara biyu yana ciki, kuma in ban da kujerarsa da ta koyi kuka, babu abin da ya horu.

Wata Litinin Hajiya ta kira shi ofis. Tana shirin tafiya sayen kayan aiki, jaka a kan tebur, waya a kunne. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta dube shi.

"Shekara biyu ke nan. Me sashenka ya tsinana mini?"

"Ranki ya daɗe, shi horo ba a ganinsa da ido. Kamar iska yake."

"Fanka ma iska take bayarwa, kuma ba ta neman hutu. Kwana goma zan yi. Alhamis ta sama zan dawo tare da manajan wani otal, katifa ɗari da ashirin yake so, amma ya ce sai ya ga yadda muke aiki da idonsa. In na dawo ban ga amfaninka ba, zare zan zuba a ɗakin nan, kai kuma ka koma sito."

Sito! Kalmar ta daki Malam Tsari a ƙirji. Ya tuna tsumma, ya tuna tari, ya tuna duk unguwarsu ya gaya musu shi darakta ne. Tsoro ya kama shi sosai, amma bakinsa bai samu labari ba.

"Hajiya, dama akwai wani gagarumin shiri da nake jiran lokacinsa. Hannu kawai za ki sa mini."

Ya zari takarda ya rubuta layi biyu, cewa duk abin da ya shafi horo yana hannunsa har ta dawo. Ta sa hannu ba ta karanta ba, ta koma wayarta.

Gaskiyar magana ba shi da shirin komai. Abin da yake da shi kawai shi ne wani taron bita na wuni ɗaya da ya taɓa zuwa, ya yi barcin rabinsa, ya tsira da jaka da biro da magana guda: a tafiyar da horo kamar kasuwanci. Da yamma yana zaune a tsakar gida yana juya maganar nan, sai ya buga cinya har matarsa ta zabura.

"Na gano abin da ya kashe sashena. Araha! Daga gobe ni ɗan kasuwa ne. Horo shi ne hajata, ma'aikata su ne masu saye. Ɗan kasuwan kirki abu biyu yake yi: ya sa a buƙaci kayansa, sannan ya sa kayan su yi wuyar samu."

"Baban yara, kai da ko tumatir na aike ka sai an cuce ka?"

"Wannan ƙaramin ciniki ne. Ni manyan harkoki na iya."

"To Allah ya sa gwaggo ta dawo ta tarar da kamfaninta a inda ta bar shi."

Washegari sanarwa ta bayyana a bango. Daga Litinin mai zuwa, ba wanda zai taɓa inji, ko wuƙa, ko almakashi, ko keken ɗinki, ko sitiyari, sai mai takardar shaida daga Sashen Horo. Takarda kuma sai wanda ya ci jarrabawa. A ƙasa ya manna izinin Hajiya da sa hannunta ɓaro-ɓaro.

Don kada a ce ya ci lokacin aiki, sai ya sa aji a lokacin hutun rana. Don kada a ce ya ɓata kujeru, sai ya kai ajin ɗakin nuna kaya, ya ce kowa ya zauna a kan katifa. Ya tsaya a gaba da wani ɗan littafi da ya haɗa da kansa, wanda ya kwafo daga rubutun jikin ganguna da kwalaye. Kafin ya kai shafi na biyu direban kamfani ya fara minshari. A shafi na uku mutum uku ne kawai idonsu a buɗe.

"Barci kuke yi ina magana?"

Uwar Ɗinki, shugabar matan da ke ɗinka rigunan katifa, ta buɗe ido ɗaya.

"Haba Malam, wane barci? Kayan kamfani muke gwadawa."

Kwana uku aka yi haka, ranar Asabar aka yi jarrabawa. Mutum talatin da ɗaya suka zauna. Litinin da safe sakamako ya fito, mutum uku suka ci. Akwai maigadi, wanda ba shi da aiki duk wuni sai zama, ya haddace littafin har da lambar shafi. Akwai sakatariya, wadda ita ta buga tambayoyin. Sai Malam Tsari da kansa, wanda ya zauna, ya amsa, ya duba, ya zo na ɗaya da maki ɗari cif.

Cikin waɗanda suka faɗi har da Baba Mai Awo. Shi wannan tsoho shekara ashirin da biyu yana haɗa ruwan soso. Shi ke auna sinadarai kala uku a cikin ganga, ya kaɗa, ya juye a wani ƙaton akwatin ƙarfe, abin ya kumbura ya zama dunƙulen soso wanda ake yanka katifu daga jikinsa. Bai iya rubutu ba, sakatariya ce ta rubuta masa amsarsa. Ya zo ƙofar ɗan ɗakin nan ya tsaya, hannu a baya.

"Ɗana, an ce na faɗi."

"Baba, tambaya ta ce lita nawa ake zubawa. Ka ce ya danganta da rana. Rana lamba ce?"

"Ranar zafi soso rawar kai gare shi, sai a rage masa. Ranar sanyi kasala gare shi, sai a ƙara."

"Littafi ya ce goma sha biyu."

"Wa ya rubuta littafin?"

"Ni."

"A ina ka gani?"

"A jikin ganga."

"To ai ganga ba ta taɓa yin katifa ba."

Suna cikin haka sai Uwar Ɗinki ta kutso kai. Ita an tambaye ta mene ne ma'anar ɗinki, ta rubuta "zo ka gani", ta samu sifili.

"Mutum talatin da ɗaya, uku suka ci? Malam, anya ba kai ne ba ka iya koyarwa ba?"

"Wannan shi ake kira daraja, Iya. In kowa ya samu, ai takardar ta zama ta ƙunshin gyaɗa."

A lissafinsa, marasa takarda za su yi layi a ƙofarsa suna roƙon a sake musu jarrabawa, Hajiya ta dawo ta ga yadda ake rububin hajarsa. Abin da bai lissafa ba shi ne, mutumin da aka hana aiki bisa doka ba ya gaggawar neman a mayar da shi. Mutum ashirin da takwas suka kwashi kansu suka koma rumfar ajiye babura. Wani ya fito da ludo, Uwar Ɗinki ta sa aka fara yi mata kitso. Duk wanda ya tambaye su sai su ce, "Mu ne marasa takarda."

Katifa ɗari da ashirin kuwa ba ta san da wannan ba, tana nan tana jira. Malam Tsari ya duba, akwai ragowar dunƙulen soso uku na makon jiya. Ya ɗauko maigadi daga bakin ƙofa ya ɗora shi a kan injin yanka. Maigadi mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: da zarar zarton inji ya fara gudu sai ya runtse ido yana karanto shafi na huɗu. Katifu suka fito gefen kai kauri, gefen ƙafa kamar tabarma.

"Madalla," in ji Malam Tsari, yana share gumi. "Sabon samfuri ke nan, katifa mai filo a jikinta."

Direba ya ce bari ya gwada, ai kwanciya ba ta buƙatar takarda. Ya kwanta, ya sulalo a hankali har ya isa ƙasa.

Sakatariya kuma aka ba ta keke. Yarinya ce mai son aiki ya yi tsaf, don haka ta ɗinke riguna ashirin ta kowane gefe, ba ta bar ko ƙofar da za a sa soso ba. Uwar Ɗinki ta zo da rabin kitso ta ɗaga ɗaya ta jujjuya.

"Ya yi kyau, 'yata. Saura a roƙi soson ya shiga ta ramin allura."

Da yake ba kowa a bakin ƙofa, mai faci na tsallaken titi ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya koma ya ɗauko bencinsa. Mai sayar da lemo ta bi shi da farantinta. Kafin Laraba rabin layin sun gano cewa akwai kallo kyauta a kamfanin Hajiya. A yammacin ranar soso ya ƙare ƙaf. Malam Tsari ya tako har kusa da rumfa, zuciyarsa na ce masa ya je ya durƙusa wa Baba a rufa asiri. Da ya ga idanun da ke kallonsa, sai ya yi kamar igiyar takalmi ya zo ɗaurewa, ya juya.

Alhamis ta zo da zafin rana mai tsanani. Wajen sha biyu motar Hajiya ta tsaya, aka yi ta hon ba mai buɗewa, har sai da mai faci ya taimaka. Ta fito, manajan otal na biye da ita, ta ga ma'aikatanta jibge a rumfa.

"Lafiya? Mutuwa aka yi?"

"A'a, ranki ya daɗe," in ji Uwar Ɗinki. "Ilimi aka yi."

Sai ga Malam Tsari cikin farar riga irin ta likitoci, da dogayen takalman roba, da safar hannu, littafi a hammata. Ya wuce Hajiya ya miƙa wa baƙo hannu.

"Yallaɓai, barka da zuwa kamfani ɗaya tilo da ba a taɓa inji sai da shaidar ƙwarewa."

"Kai, wannan abu ya yi," in ji manaja.

Hajiya ta haɗiye abin da ke bakinta saboda baƙo, amma kallon da ta yi wa surukin nata ya isa ya kunna ashana. Aka ɗunguma zuwa ɗakin haɗa soso, marasa takarda da mutanen layi na biye.

Malam Tsari ya hau kan ɗan dandamalin ganga ya gyara murya.

"A tsohon tsari, zubi ɗaya dunƙule ɗaya. A sabon tsari, ninki biyu za mu zuba lokaci guda. Rabin wahala, riba biyu. Goma sha biyu sau biyu, ashirin da huɗu."

Daga bakin ƙofa Baba ya ce, "Ɗana, yau rana ta yi zafi fa."

"Marasa takarda su yi mana shiru."

Baba ya juya ya ce wa jama'a, "Ku buɗe tagogi, ku ja baya."

Malam Tsari ya zuba, ya kaɗa, ya juye a akwati. Da farko ba abin da ya faru, ya juyo yana murmushi. Sai abin ya fara tasowa, fari sol, ya kai rabi, ya kai baki. Manaja ya tafa. Malam Tsari ya sunkuya ya ce a hankali, "To, ya isa." Soso kuwa bai halarci aji ba, bai san shi ba. Ya wuce baki ya yi tozo, ya fara leƙo waje.

"Wannan duk cikin tsari ne," in ji shi, ya ruga ya jawo faffaɗan katakon da ake dannewa da shi, ya kifa a kai, ya haye ya zauna. Jama'a suna kallo katako ya fara ɗagawa da shi sama, a hankali, har kansa ya kusa taɓa fitila. Nan ne sakatar gefen akwati, wadda bai sa ba don littafi bai ambace ta ba, ta ce ƙwas. Bango ɗaya ya buɗe, katako ya karkace, Malam Tsari ya zamo ya dira tsaye a tsakiyar abin da ya malalo. Ya kai masa gwiwa, ya kai masa cinya, yana ta kumbura yana bin ƙasa.

Wuri ya yamutse. Manaja ya tsinci kansa a kan ganga bai san yadda ya hau ba. Hajiya ta kai matakala ta uku da takalmi ɗaya. Mai faci yana rungume da bencinsa yana cewa, "Shekara ashirin ina aikin iska, wallahi ban taɓa ganin abu ya kumbura haka ba!"

Can abin ya gaji ya tsaya, ya fara daskarewa. Malam Tsari ya ja ƙafar dama, ta ƙi. Ya ja ta hagu, ta ƙi. Ga ɗumi yana ratsa wando, ga wari yana sa shi hawaye.

"Baba! Zo ka yanke ni!"

"Da me, ɗana?"

"Da wuƙar soso mana!"

"Ai ba ni da takarda."

"Maigadi! Ina maigadi?"

Maigadi ya taho da doguwar wuƙa, ya daidaita ta wajen cinyar Malam Tsari, ya runtse ido. "Shafi na huɗu ya ce..."

"A'a! A'a! Tsaya nan! Kada ka matso! Sakatariya, kawo takardun!"

Ta kawo su a guje, da biro. Ya ɗora a kan soson da ya riƙe shi, wanda ya yi daidai da tebur, ya rattaba hannu ya miƙa wa Baba. Baba ya karɓa ya ce a karanta masa, don shi ba ya karɓar abin da bai sani ba. Sakatariya ta karanta tun daga sama har ƙasa, Malam Tsari na cewa ta yi sauri.

"Wandon nan sai an sa almakashi," in ji Baba bayan ya duba. "Ya kama."

"Almakashi kuma sai mai takarda," in ji Uwar Ɗinki, ta miƙo hannu. "Ka rubuta mini da yabo."

"In abin ya kai ga asibiti fa, wa zai ja mota?" in ji direba.

Kafin ka ce me, layi ya miƙe har waje. Rububin da ya yi mafarki ya samu, sai dai ba a yadda ya so ba. Yana sa hannu yana miƙawa ba ya ko duban fuska, har mai faci ya fita da shaidar ƙwarewa a kan injin yanka.

Sannan Baba ya durƙusa ya fara aiki, yana yanka a hankali yana tare ƙafar da hannunsa kada wuƙa ta taɓa fata. Uwar Ɗinki ta datse wando daga cinya. Aka kama hammatarsa aka zaro shi, takalma da ƙafafun wando suka zauna a ciki. Ya tsaya a gaban jama'a da farar rigar likita da guntun wando, ƙafafu jajur, ba takalmi.

Manaja ya yi dariya har sai da aka riƙe shi ya sauko daga ganga. Da ya share ido ya ce, "Hajiya, ina son in ga tsohon nan ya yi ɗaya."

Baba ya fita ya dubi sama, ya dawo ya taɓa jikin ganga da bayan hannu, ya auna abin da ya auna, ya juye a akwati na biyu. Soso ya taso ya kai baki, ya tsaya cak, samansa a miƙe. Da ya huce manaja ya danna da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce katifa ɗari da ashirin tana nan, in dai hannun nan ne zai yi.

Sai Hajiya ta juyo wajen surukinta, takalmi ɗaya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai. Sito."

Kunya ta rufe Malam Tsari, ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Har masu dariya suka daina, don abin ya ba su tausayi.

"Hajiya, in ce wani abu?" in ji Baba. "Shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake yi. Idona ya fara rauni. Ranar da na kwanta, abin da kika gani yau shi za ki riƙa gani kullum. Yaron nan ya iya rubutu, kunne ne ba shi da shi. Ki ba ni shi wata uku ya riƙe mini bokiti, ina faɗa yana rubutawa."

Hajiya ta dubi tsohon, ta dubi tulin soso mai rami biyu, inda aka zaro ƙafafun surukinta.

"Ɗakin nasa fa?" in ji ta.

"A zuba zare," in ji Baba.

"Wata uku. In ya koya maka ko kalma ɗaya, sito."

Da yamma ya shiga gida sanye da wandon direba, wanda ya tsaya masa a ƙwauri. Matarsa na zaune tana yankan albasa. Gwaggonta ta riga ta kira ta, sun yi rabin awa a waya.

"Sannu da zuwa, darakta. Yaya aiki?"

"An ƙara mini girma. Hajiya ta ga ofis ya yi mini kaɗan, ta tura ni filin aiki in tattara ilimin tsohon nan kafin ya ɓace."

"Ikon Allah. Da bokiti ake tattarawa?"

Ya zauna a kan kujera. Ta ajiye wuƙa, ta matso ta fara tsince masa ɓarɓashin soso daga gemu, ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta kusa gamawa ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki tashe ni ƙarfe shida. Baba ba ya son makara."

"To."

Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yana da kai fa, tsohon nan. In na zauna da shi wata uku, zai zama wani abu."